Faifan Jerry Lee Lewis na Star-Club: Abin da Mai Saye Zai Tarar

Daren 5 ga Afrilu 1964 aka ɗauki wannan faifai a Star-Club, gidan rawa da ke unguwar St. Pauli a Hamburg ta Jamus a wancan zamanin, kamfanin Philips ya fitar da shi. A lokacin kasuwar Jerry Lee Lewis, mawaƙi kuma makaɗin piyano, ta mutu a Amurka. Shi ɗan Ferriday ne a jihar Louisiana, an haife shi a 1935, ya shiga kamfanin Sun na Memphis a ƙarshen 1956, kuma a 1957 ya fitar da "Whole Lotta Shakin' Goin' On" da "Great Balls of Fire". A 1958, yana rangadi a Ingila, jaridu suka tona cewa ya auri 'yar wani ɗan'uwansa mai shekara 13. Bayan wasa uku aka soke rangadin, gidajen rediyo suka daina sa waƙoƙinsa. Wanda ake ji a faifan nan mutum ne da ya shekara shida yana yawon ƙananan gidajen rawa, kuma kaɗe-kaɗensa na ɗauke da wannan zafin.

Piyano aka sa gaba, kuma daidai aka yi. Hannun hagu yana riƙe da bugun ƙasa na bugi-wugi (wani salon kaɗa piyano mai maimaita bugu da sauri), ba ya tsayawa. Na dama yana dukan sauti ɗaya sau da yawa a jere, sai ya ja yatsa a kan maɓallan daga sama zuwa ƙasa. A waƙar farko, "Mean Woman Blues", duk ana jin wannan sarai. "Your Cheatin' Heart" ce ya sassauta a cikinta, kuma ita ke nuna muryar kiɗan kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, da ta dawo da shi kasuwa a 1968.

Akwai gyara. Ƙungiyar Nashville Teens ta Ingila ce ke mara masa baya, kuma yana ƙara sauri a tsakiyar waƙa ba tare da ya yi musu ishara ba, shi ya sa a wasu wuraren mai ganga ke binsa da gudu. Jitar bas ta nutse ƙarƙashin piyano da kuge. A lasifikar waya kuwa hannun hagun ɓacewa yake yi, hayaniya kawai ke saura, don haka a nemi abin sawa a kunne ko lasifika mai fitar da ƙasan sauti.

Tsawonsa bai kai minti 40 ba. A duba jerin waƙoƙi kafin a biya kuɗi: bugun farko ba ya ɗauke da "Down the Line", wasu bugu na baya ne suka ƙara ta. Mai neman tsaftataccen sautin situdiyo ya fara da ɗaukar Sun ta 1956 zuwa 1958. Mai son jin yadda yake bugawa a gaban jama'a, wannan faifan ya cancanci kuɗinsa.