Tsakanin giyar gona da giyar gidan zuhudu: Avec les Bons Voeux da Westmalle Tripel

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya cewa ya ga kwalabe biyu na giyar Beljiyam, ɗaya Avec les Bons Voeux ta kamfanin Dupont, ɗaya kuma Westmalle Tripel, dukansu da ƙarfin barasa kashi 9.5 cikin 100, launinsu ma ya yi kusa da juna, shin akwai wani bambanci na gaske a tsakaninsu, ko kuwa suna ne kawai ya raba su. To ɗan'uwa, bambancin yana da yawa, kuma ba a jikin takardar kwalba ake ganinsa ba, sai an koma ga inda kowace ta fito da irin yistin da ya yi aikinta.

Bons Voeux ta fito ne daga dangin giyar da ake kira saison, wadda asalinta gonakin Wallonia ne, wato kudancin Beljiyam inda ake magana da Faransanci, musamman lardin Hainaut. A da manoman yankin sukan dafa ta a lokacin sanyi, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi kuma yanayi ba zai ɓata ta ba, su ajiye ta har lokacin zafi domin 'yan ƙwadagon da ke zuwa girbi, kamar dai yadda mai gona a wajenmu yake tanadar wa 'yan gayya abin jiƙa maƙoshi. Tunda mutum zai sha ne ya koma bakin aiki, wancan saison na dā ba shi da ƙarfi, bai cika wuce kashi 3 zuwa 4 ba. Gidan Dupont yana ƙauyen Tourpes, an fara dafa giya a gonar a 1844, iyalan Dupont kuma suka saye ta a 1920. Ita Bons Voeux ba ta cikin giyar 'yan ƙwadago ko kaɗan: a 1970 aka fara yin ta a matsayin kyautar sabuwar shekara ga manyan abokan cinikin gidan, daga baya ne aka fitar da ita kasuwa. Saboda haka giyar biki ce da aka gina a kan ɗabi'ar giyar gona.

Westmalle kuwa a arewa take, a lardin Antwerp, gidan 'yan zuhudun Katolika ne na ɗariƙar Trappist da aka kafa a 1794, suka fara dafa giya a 1836. A 1934 suka fito da wannan mai ƙarfin, a 1956 aka yi wa tsarin haɗinta gyara, kuma ita ce kusan duk giyar da ake kira tripel a yau take koyi da ita. Alamar Trappist da ke jikin kwalbar tana da sharuɗɗa: a dafa giyar a cikin harabar gidan zuhudu, a ƙarƙashin kulawar 'yan zuhudun, ribar kuma ta tafi ga ɗawainiyar gidan da ayyukan taimako. Su kansu 'yan zuhudun ba wannan suke sha a wajen cin abinci ba, suna da wata mai sauƙi, Westmalle Extra, mai kashi 4.8.

Inda hanyoyinsu suka fi rabuwa shi ne wajen tsimuwa. A Westmalle ana ƙara sukari a kan ruwan tsiron sha'ir, yisti ya cinye shi kaf ya mai da shi barasa, shi ya sa giyar take da ƙarfi amma ba ta da kauri a baki. A Dupont kuwa yistin gidan ne ginshiƙi, ana barinsa ya yi aiki cikin zafin da ya kai ko ya wuce maki 30 a ma'aunin Selsiyos, zafin da yawancin masu dafa giya suke gudu saboda yana fito da ƙamshi mai kaifi. Wannan kaifin kuwa shi ake nema a saison. Dukansu biyu ana sake tsima su a cikin kwalba, wato a zuba ɗan yisti da sukari kafin a rufe, iskar da ke cikinsu ta samu daga can, kuma wannan ne dalilin da ya sa za ka ga wani abu ya kwanta a gindin kwalbar.

Idan ka tsiyaya Bons Voeux a kofin gilashi mai faɗin ciki da ƙuntataccen baki, za ka ga launinta ya ɗan karkata zuwa jan ƙarfe, da ɗan hazo-hazo, kumfa kuma ta tashi fara ta yi tudu, har sai ka dakata kafin ka ƙarasa zubawa. Kada ka yi gaggawar kurɓa. Kai hancinka tukuna, za ka ji ɓawon lemo, da wani yaji mai kama da masoro, da ƙamshin busasshiyar ciyawa a ƙarƙashinsu. A kurɓar farko akwai ɗan zaƙin 'ya'yan itace a kan harshe, amma ba ya daɗewa, nan da nan iskar take share shi, ɗacin furen hop, wato furen da ake sa wa giya domin ɗaci da ƙamshi, ya biyo baya ya zauna a can ƙarshen harshe, bakin ya bushe har ka ji kana son wata kurɓar. Wannan bushewar ita ce gadon da ta ɗauko daga giyar gona, kuma a ganina ita ce mafi kyawun abin da take da shi. Zafin barasar sai bayan an haɗiye ake jinsa a ƙirji.

Westmalle Tripel ta fi ta haske, ruwan zinariya ce, ana shan ta a kofi mai faɗin baki da ƙafa. Ƙamshinta ya fi karkata ga nunanniyar ayaba da ɗan kanumfari, a baki kuma ta fi laushi da santsi, kumfarta ƙanana ce mai maiƙo. Tana da ɗaci ita ma, har fiye da yadda mutane suke tsammani daga tripel, amma komai nata a daidaice yake, babu abin da ya fi wani ɗaga murya.

Akwai abin da nake so ka riƙe da muhimmanci, domin dukansu suna ɓoye ƙarfinsu, kowace ta hanyarta: tripel da laushinta, saison da bushewarta. Bons Voeux an fi ganinta a babbar kwalba mai santilita 75, mai toshiya da waya, kuma barasar da ke cikin kwalba ɗaya ta wuce ta ƙananan kwalabe huɗu masu santilita 33 na giya mai kashi 5. Kwalba ce ta mutum biyu ko uku a kan abinci, kuma wanda ya sha ba shi ba tuƙi. Na fi jin tsoron saison a wannan fannin, saboda bakin da ya bushe yakan ruɗi mutum ya ɗauka ƙishirwa yake kashewa.

Game da wadda za ka fara da ita, idan da abinci mai maiƙo ne, kamar gasasshen nama ko cuku mai ƙarfi, zan zaɓi Bons Voeux ba tare da jinkiri ba, domin iskarta da ɗacinta suna wanke maiƙo daga baki. Idan zama za a yi ana hira bayan an gama ci, Westmalle ta fi dacewa. Amma in burinka shi ne ka fahimci mene ne saison, ka fara da Saison Dupont mai kashi 6.5, inda aikin yistin ya fi fitowa fili ba tare da nauyin barasa ya danne shi ba, sannan ka hau zuwa Moinette Blonde, ita ma ta gidan Dupont, mai kashi 8.5, kafin ka iso ga Bons Voeux.

Kowace ka saya, ka ajiye ta a tsaye a wuri mai duhu, domin haske yana ɓata ƙamshin hop, tsayuwar kuma tana sa yisti ya kwanta a ƙasa. Kada ka sha ta da sanyin firji kai tsaye, ka bar ta ta kai maki 8 zuwa 12, in ba haka ba sanyi zai rufe ƙamshin da ka biya kuɗi dominsa. Wajen zubawa ka karkata kofin, ka tsiyaya a hankali, ka bar kamar santimita ɗaya a gindin kwalbar. Idan kana so, ka zuba wannan ragowar a ƙarshe ka ɗanɗana shi daban, zai fi hazo kuma ya fi ɗaci.