Sharhi kan garejin da ya gano abin da ke gocar da tayimin ɗin Hilux

Duk mai tsohuwar Toyota Hilux mai injin dizal 5L, wanda yake gyaranta da hannunsa a gida, ya san muhimmancin bel ɗin tayimin, domin shi ne ke haɗa kiranshaf (sandar da fistin ke juyawa) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) da famfon man gas su riƙa juyawa a kan ƙa'ida ɗaya. Idan ya tsallake haƙori, motar takan yi wuyar tashi, ta riƙa fitar da farin hayaƙi, ƙarfinta kuma ya ragu. Idan ya tsinke kuwa, fistin zai daki bawul, gyara ya koma na kan inji. An tsara fitilar T-BELT da ke gaban direba ta kama idan lokacin canza bel ya yi, amma tawa a-kori-kurar tayimin ɗinta yakan goce tun sabon bel bai yi ko alamar tsufa ba, duk da cewa na canza tenshina mai tsuke bel da boris, na kuma daidaita maki, wato alamar saiti da ke jikin kowane fuli da bel ke hawa, yadda ya kamata.

Wannan ne ya kai ni wani garejin masu injin dizal da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kuma abin da ya fara burge ni shi ne maigidan wurin bai yi gaggawar aike ni sayen kaya ba. Sai da ya saurari tarihin motar tsaf, sannan ya sa yaransa suka kwance murfin gaba, ya shafa cikin bel ɗin da yatsa, ya nuna mini danshin baƙin mai da ke tsatsafowa daga sil ɗin kiranshaf, wato robar da ke tare mai. Mai yana lalata robar bel, yana kuma raunana haƙoransa, sai dai a cewarsa wannan rabin matsalar ne kawai.

Babban aikin ya bayyana ne da ya zare ƙaramin fulin da ke bakin kiranshaf. Ɗan ƙarfen nan da ake kira ki, wanda ke riƙe fuli a gurbinsa, ya cinye ta gefe har ya yi ƙyalli, ramin fulin kuma ya buɗe, saboda babban notin gaba bai sami ɗauri daidai gwargwado ba. Ma'anar wannan ita ce maki zai nuna komai daidai, alhali kiranshaf ya riga ya zame daga inda fulin yake nunawa, don haka ko bel nawa aka canza ciwon yana nan. Na ga hikima a nan ƙwarai, domin mai gyara a gida makin yake amincewa da shi, ba kasafai yake zargin abin da makin ke zaune a kai ba. Allah ya taimaka bakin kiranshaf ɗin bai ci sosai ba, sai aka sa sabon ki da sabon fuli da sil, aka ɗaure notin da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, sannan aka juya injin da hannu zagaye biyu aka sake duba maki kafin a tayar da shi.

Wurin yana da nasa rauni. Motoci sun yi yawa, jira ya yi tsawo, ba sa ba da rasit sai an nema, kuɗin aikinsu kuma ya ɗara na garejin unguwa. Amma sun mayar mini da tsofaffin kayan da suka cire, sun kuma ƙi yarda a sa fuli ɗan Beljiyam ko bel ɗin da ba a san asalinsa ba, abin da na ɗauka alamar amana ce.

Tun daga lokacin motar tana tashi da bugu ɗaya, hayaƙin ya ɗauke, tana kuma jan kaya a kan hanyar Zariya ba tare da nishi ba. Wanda zai kai musu irin wannan matsala ya tafi da sassafe, ya kuma riƙe tsohon bel ɗin da ya cire, domin daga yadda haƙoransa suka ci suke fara bincike.