Igiyar ƙarin tsawo ta USB ta gyara mini linzami da kibod marasa waya

Duk wanda linzaminsa mara waya ke tsalle-tsalle a allo, ko kibod ɗinsa ke haɗiye haruffa, ina ba shi shawara ya gwada igiyar ƙarin tsawo ta USB kafin ya sayi sabo. Ni ita ce ta raba ni da wannan ciwon kai. Na jima ina amfani da ita, don haka zan faɗi amfaninta da kuma inda ta gaza.

Kwamfutata ta tebur ce, akwatinta yana ƙasa kusa da bango. Ɗan makarɓin siginar nan da ke zuwa tare da linzami da kibod, wanda ake sokewa a ramin USB kuma bai fi farcen babban yatsa girma ba, yana soke a bayan akwatin inda sauran wayoyi suka taru. A jikin kwali an rubuta cewa linzamin yana aiki har nisan mita 10, amma ni daga kan tebur kawai sai da jan rai. Kibiya ta tsaya cak, can kuma ta zabura gaba. In rubuta jimla, in ɗago kai, in tarar wasu haruffa sun yi ɓatan dabo. Na canza batir, na sake girka direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar, babu abin da ya sauya.

Ashe laifin ba na linzamin ba ne, na mazaunin makarɓin ne. Irin waɗannan na'urori suna aiki a zangon rediyo na 2.4 GHz, da ƙarfi kaɗan ƙwarai don batir ya daɗe. Akwatin kwamfuta kuwa ƙarfe ne, ƙarfe kuma yana tare sigina. Idan makarɓin yana baya, dole siginar ta kewaye akwatin, ta ratsa katakon tebur, wani lokaci har da ƙafar mai zama, kafin ta isa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rawar da USB 3.0 ke takawa, wato ramukan nan da galibi cikinsu shuɗi ne. A shekarar 2012 kamfanin Intel ya fitar da rahoto yana bayanin cewa USB 3.0, mai tura bayanai da gudun gigabit 5 a daƙiƙa, yana fitar da hayaniyar lantarki da ke shiga zangon 2.4 zuwa 2.5 GHz, daidai inda linzami da kibod da Bluetooth suke magana. Hayaniyar tana fita ne daga rami da kan igiya da ita kanta na'urar da aka jona, musamman idan ba a lulluɓe su da kyau ba, kuma tana raguwa sosai da zarar an ɗan matsa nesa. A tawa kwamfutar, ma'ajiyar bayanai ta waje tana jone a ramin da ke maƙwabtaka da makarɓin. Shi ya sa abin ke tsananta duk lokacin da nake kwafar manyan fayiloli.

Igiyar da na saya ta USB 2.0 ce, mita ɗaya da rabi. Da gangan na zaɓi 2.0, domin linzami ba ya buƙatar gudu, kuma ba na son jawo hayaniyar da nake gudu zuwa kan tebur. Na soke ta a ramin USB 2.0 mai baƙin ciki, na fito da ɗaya kan sama, na ajiye makarɓin a ƙasan allo yana fuskantar linzamin. Nan take kibiya ta daidaita. Yanzu ina iya ja da baya can ƙarshen ɗaki in sarrafa bidiyo ba tare da yankewa ba, ko da ana kwafar fayil. Babu manhajar da na girka, babu saitin da na taɓa.

Aibinta na farko, ta dawo mini da waya kan tebur, abin da na guda tun asali. Ba ta da nauyi, sai ta riƙa zamewa baya, har sai da na manne ta da salatif. Da zan sake saye, mai gindin tsayawa zan ɗauka. Bakinta kuma ya ɗan yi sako-sako, idan aka ja ta da ƙarfi makarɓin yakan motsa. Kada a sayi doguwa fiye da kima, domin ƙa'idar USB 2.0 ta tsaya a mita 5 ga igiya guda.

Ba kowace matsala take warwarewa ba. Idan na'urar Wi-Fi tana zaune dab da tebur tana aiki a 2.4 GHz, gara a matsar da ita ko a koma zangon 5 GHz. Wanda kuma linzaminsa na Bluetooth ne da ke haɗuwa da kwamfuta kai tsaye, igiya ba ta da abin yi masa. Shi ya duba bayan akwati ya tabbatar an ɗaura eriyoyin da suka zo da kwamfutar, domin galibi Bluetooth da Wi-Fi eriya ɗaya suke amfani da ita, kuma mutane da yawa masu jona intanet da waya sukan bar su a kwali.