Lambar da ke jikin takardar Goggo

Yaya, ina gaisuwa. Ya jikin Goggo? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Na ga takardar hoton PET, wato hoton da aka ɗauka don duba sankarar bakin mahaifar Goggo, da kika turo ta WhatsApp, na kuma ji cewa su Kawu sun zauna a Agege har an fara zancen sayar da fili a kawo ta Ingila, duk saboda 14 da aka rubuta a gaban SUV. Ku dakata tukuna. Shekarata huɗu ina aikin jinya a ɓangaren masu sankara a nan Manchesta, kusan kullum sai irin wannan takarda ta bi ta hannuna.

Abin da aka yi wa Goggo allurarsa sukari ne da aka haɗa da wani sinadari mai fitar da haske. Shi ya sa aka hana ta abinci wajen awa 6, aka kuma zaunar da ita kamar awa guda kafin a shigar da ita na'ura. Ƙwayoyin sankara akwai haɗamar sukari, duk inda suka taru sai wurin ya haska. Lambar SUV awon wannan haɗama ce. Ba ita ke faɗin kwanakin mutum ba.

Kuma haɗamar ta danganta da irin ciwon. Sankarar bakin mahaifa manyan iri biyu ce. Wadda ta fi yawa, sikwamas, daga fatar waje ta bakin mahaifa take tasowa, kuma galibi ta fi haskawa. Ɗayar, adino, daga ƙwayoyin ciki masu fitar da ruwa mai yauƙi take fitowa, takan haska kaɗan, amma hakan bai sa ta zama mai sauƙi ba. Sai daraja, daga 1 zuwa 3: iya nisan da ƙwayoyin suka yi da kamannin na lafiya, iya hawan darajar, kuma yawanci lambar na hawa tare da ita. Kada ki haɗa daraja da mataki. Shi mataki nisan yaɗuwar ciwon yake nufi, kuma a nan ne amfanin PET ya fi, don yana nuna ko abin ya kai kaluluwar mara ko ya wuce. Mafitsara ma kan haska domin sinadarin ta fitsari yake fita, tarin fuka ma kan haska. Iri da daraja kuwa, ɗan naman da aka yanko aka duba a ɗakin gwaji ne kawai yake faɗa.

Na'urar PET dai aikinta ɗaya, ta Oshodi da ta nan Ingila. Sinadarin ne mai wuyar sha'ani, duk minti 110 rabin ƙarfinsa ya tafi, don haka ba a ajiye shi kamar maganin kemis. A nan ma wanda ya makara sai a ɗage masa, bambancin kawai babu gosulon Iyana Ipaja.

Inda 'yan Ingila suka fi mu shi ne mara lafiya ba ya yawo da ambulan ɗin sakamako a danfo. Sakamako yana cikin kwamfuta, duk mako mai tiyata da likitan gashi (wato ƙona sankara da hasken na'ura) da mai karanta hoto da mai duba nama su zauna ɗaki ɗaya su yanke shawara. Mace daga shekara 25 zuwa 64 ana aiko mata gayyatar gwajin bakin mahaifa, kuma tun 2008 suke yi wa 'yan mata rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo wannan sankara, a makaranta. Mu sai Oktoban 2023 aka fara.

Amma fa akwai layi. Ƙa'idarsu a fara magani cikin kwana 62 daga ranar da likita ya tura ka, kuma ba kowa ke samu ba. Maganin kyauta ma na mazauna ne: masu bizar aiki, in ba ma'aikatan lafiya irinmu ba, fam 1,035 suke biya duk shekara, baƙo kuwa kuɗin aikin ake cazarsa har da ƙarin rabi. Kafin biza ta fito, makonni sun tafi, ga sanyi, ga ba mai dama mata koko.

Idan likitanta ya ce gashi da kemo, wato allurar kashe ƙwayoyin sankara, shi ne dai maganin da za a yi mata ko a nan Ingila, kuma akwai na'urorin gashi a cibiyar sankara da aka buɗe a 2019 a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba. Ki tambaye su har da gashin ciki, wanda ake yi daga cikin jiki daf da ciwon, don ana son a kammala duka cikin mako 8, kada a yi ta yankewa.

Ki ɗauko mini hoton takardar gwajin naman, gaba da baya, ita nake son gani. Sannan 'yan biyunki sun cika tara, an yi musu allurar HPV ɗin kuwa?