Kwamfutar hannu ta yara: ta amfani 'yata, amma ba ta ɗan shekara biyu ba ce

Duk wanda yake shiga kasuwar waya ta Farm Centre ya san irin kwamfutar hannun nan ta yara, mai rigar roba mai kauri, shuɗiya ko ruwan hoda, da mariƙi a sama kamar jakar makaranta. Sunan da ke jikin kwali yana bambanta, amma kayan ciki kusan ɗaya ne: haruffan Turanci, ƙidaya, alif-ba, gajerun surori, sai wasanni da katun. Tamu Abbansu ne ya sayo, mai shagon yana ce masa, "Alhaji, yaron da ya tashi da wannan, kafin ya shiga nasare ya gama iya Turanci." Yarana biyu sun yi amfani da ita a gidanmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi, kuma abin da na gani a wurin kowannensu bai zo ɗaya ba.

Ta fuskar ƙwari ba ni da ƙorafi. Ta sha faɗowa daga kan gado zuwa tayil, gilashin bai tsage ba. Batirin yana kai yini idan ba katun ake kallo ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne a unguwar da wuta take zuwa lokacin da ta ga dama. Sifikar tana da ƙara mai shiga kunne. Da zarar an haɗa ta da intanet sai tallace-tallace su cika wasannin, shi ya sa na daina sa mata data. Akwai wurin saita lokaci ta kashe kanta, sai dai babbar 'yata mai shekara bakwai ta gano yadda ake mayar da shi tun a makon farko. Ita kam ta amfana: tana bin ƙira'ar tana tilawar haddarta ta Islamiyya, lissafinta ma ya ƙaru. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne babu kalmar Hausa ko ɗaya a cikinta.

Ƙaninta ne dalilin wannan rubutu. Yana shekara ɗaya da rabi ya fara riƙe ta. Ni ɗinki nake yi a gida, kuma wadda ta san gab da Sallah ta san yadda ɗaki yake cika da atamfa da leshi, ga allura ga almakashi a ƙasa. In na miƙa masa sai ya zauna a lungun kujera, tsit, ba kuka ba ɓarna. Masu kawo ɗinki har yabonsa suke yi, wai yaro mai haƙuri.

Sannu a hankali na lura da wasu abubuwa. Sai in kira sunansa ina gefensa, ko waiwayowa ba zai yi ba, amma da yayarsa ta kunna kwamfutar a ɗaya ɗakin, kiɗan buɗewar kawai zai ji ya taso da gudu. Yana rera waƙar haruffan Turanci daga farko har ƙarshe, da irin muryar na'urar, amma bai taɓa cewa "ruwa" ba, bai ce "Umma" ba. In batir ya ƙare ba ya kallon fuskata. Sai ya kamo wuyan hannuna, ya ja ni, ya ɗora tafina a kan gilashin, idonsa na kan baƙin allon. In jirgi ya wuce ta sama, yaran maƙwabta suna nunawa da yatsa suna ihu, shi ko ɗaga kai. Hajiya, kakarsa, ta ce in kwantar da hankalina, ubansa ma ya yi nauyin baki. Wata maƙwabciya ta ce shafar aljanu ce.

A asibiti sai da aka fara gwada jinsa, aka samu kunnensa lafiya lau. Daga nan likitar yara ta yi mini tambayoyi daga wata takarda da ake kira M-CHAT, wadda aka tsara don yara 'yan wata 16 zuwa 30: yana nuna abu da yatsa? Yana kawo miki abu don ki gani? Yana kwaikwayon abin da kike yi? Bayan an ƙara duba shi aka ce lalurar galahanga ce, wadda likitoci ke kira otizim, mai shafar magana da hulɗar yaro da mutane. Da labarin ya shiga dangi sai magana ta juya: "Ai wayar nan ce ta lalata shi." Har aka riƙa turo mini bidiyo ta WhatsApp masu cewa in an ƙwace waya yaro zai warke sarai.

A nan nake so iyaye mata su tsaya su saurara, domin maganar tana da gaskiya a ciki, tana kuma da zalunci. Akwai babban bincike daga Japan da aka buga a 2022, a kan yara sama da 84,000, wanda ya samu cewa yara maza da suka fi daɗewa a gaban allo suna shekara ɗaya sun fi samun shaidar galahanga a shekara uku. Amma binciken alaƙa ya nuna, bai ce allon ne sanadi ba. Yaron da dama can hulɗa da mutane take yi masa nauyi shi ne zai fi maƙale wa allo, kuma shi ne uwa za ta fi miƙa wa waya don a samu lafiya. Wani binciken na 2019 a kan mutane kusan miliyan 2 a ƙasashe biyar ya ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na haɗarin lalurar daga gado yake. Don haka mai cewa uwa ta jawo wa ɗanta galahanga da waya ya ji tsoron Allah.

Amma alƙawarin mai shago, cewa na'ura za ta koya wa jariri magana, shi ma ba gaskiya ba ne. A 2003 wata masaniya a Amurka, Patricia Kuhl, ta sa aka riƙa yi wa jarirai 'yan wata tara magana da harshen Sinanci. Waɗanda mutum ya zauna gabansu yana yi musu wasa sun koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa a bidiyo ba su koya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Babu wannan gargaɗi a jikin kwalin tamu. Hoton jariri ne ma a kai yana dariya.

Likitar ta ce a ɗauke wa ɗana kwamfutar, a cike gurbin da mutum. Kwanakin farko sun yi tsanani: birgima, buga kai da katifa, kuka har muryarsa ta dushe. Mai koyar da magana ta nuna mini in zauna a ƙasa daidai fuskarsa, in riƙe kofi kusa da idona, in ce "ruwa", in jira. Jiran shi ne mai wuya, domin hannun uwa yana saurin miƙawa. Yanzu yana zama kusa da keke yana jera mini zare kala-kala, ina faɗin sunan kowane launi. Barcinsa ya gyaru. Yana kallona idan yana son abu, yana da 'yan kalmomi na Hausa da yake amfani da su a inda suka dace. Galahangar tana nan: har yanzu ƙarar injin markaɗe tana sa shi toshe kunne, kuma in aka canza masa kofi sai an yi rigima. Ɗauke kwamfutar bai warkar da shi ba, ya dai ba mu sa'o'in da muke aiki da shi.

Ga yaro ɗan firamare, ina ganin kuɗinta bai tafi a banza ba, muddin babu intanet a ciki kuma babba ne yake riƙe da cajar. Ga wanda bai kai shekara biyu ba, ba zan ba kowa shawarar saye ba, ko da kyauta aka kawo a suna. Babbar illar da na gani ita ce tana sa yaro ya yi shiru, shirun kuma yana rufe alamun da ya kamata a gani da wuri. In ɗanki ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya amsa sunansa, ba ya nuni da yatsa, ba ya kallon idonki, ki kai shi wurin likitan yara, ki roƙa a gwada jinsa a kuma yi masa waɗancan tambayoyin, ko yana kallon waya ko ba ya kallo.