Garin laushin bayan gida: wanne za ka saya a famasi, wanne za ka guje wa

Jama'a masu fama da taurin bayan gida, musamman masu basir da mata masu ciki da tsofaffinmu, kafin ku kai kuɗinku kemis ku ɗan saurara. Magungunan nan na faiba, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, ba irin masu murɗa hanji su kora ka bayi da gudu ba ne, su ruwa suke sha a cikin hanji su kumbura, bayan gida ya yi laushi ya fita ba nishi. Shi ya sa ba sa aiki nan take, sai kwana 2 zuwa 3, kar ka sha yau gobe ka ce na jabu ne.

Ni dai a wajena isfagula, wanda wasu ke kira isabgol ko siliyom, shi ne gaba. Ɓawon irin wani tsiro ne da aka fi nomawa a Indiya, wajen Gujarat da Rajasthan, shi ne a cikin Fybogel da Metamucil. Na fi son na sacet, don Fybogel kowane ƙulli gram 3.5 ne an riga an auna, ɗaya da safe ɗaya da yamma bayan cin abinci, ba sai Hajiya ta tsaya tana kintace da cokali ba. Ka juye a kofi, ruwan kada ya gaza mil 150, ni na fi ganin a cika kofin, ka juya ka shanye a take, don in ka ajiye ka je amsa sallama kafin ka dawo ya kama jikinsa kamar kamu. Yana kuma ɗan rage kolestarol, wato wani irin kitsen da ke cikin jini, tun 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta hakan a jikin kwali. Aibinsa kumburin ciki da yawan iska a kwanakin farko, to ka fara da sau ɗaya a rana, cikin zai saba.

Akwai kuma wani garin faiba daban mai suna Citrucel, shi bai cika sa iska ba amma samunsa a Kaduna aiki ne. Dusar alkama kuwa araha gare ta, sai dai kumburinta ya fi yawa.

Maganar ruwa ita ce ba na wasa da ita. In ruwa ya yi kaɗan garin nan zai iya maƙalewa a maƙogwaro ko ya toshe hanji gaba ɗaya, ba a afa shi a baki busasshe, ba a shansa dab da kwanciya barci, kuma duk wanda haɗiya ke ba shi wahala, irin tsohon da ya samu shanyewar ɓarin jiki, kada a ba shi sam. Lokacin azumi ko zafin Maris da Afrilu sai a ƙara kula. Mai shan maganin hawan jini ko suga ya bar tazarar kamar awa 2 tsakaninsu don yana rage yadda jiki ke ɗaukar wasu ƙwayoyin, mai suga kuma ya duba wanda ba a sa sukari ba. In tiramadol ko kodin ne suka busar maka da ciki, wannan ba maganinka ba ne. Yaro ƙasa da shekara 6 sai da likita.

To sai masu cuta, nan ne abin ke ƙona min rai wallahi. Akwai masu ƙulla gari a farar leda ba suna ba kwanan wata, suna yawo tashar mota da lasifika, wasu kuma a WhatsApp, suna cewa ai faiba ce zalla ta wanke ciki da rage tumbi. Irinsa aka kawo wa gwaggona, tun daren ta fara murɗar ciki da gudawa har sai da aka sa mata ƙarin ruwa, da muka buɗe ledar ga ɓarɓashin ganye kore-kore a ciki, filasko ne aka daka aka gauraya. Faiba ta gaskiya ba ta kai ka bayi cikin 'yan awanni, duk wanda ya yi maka alƙawarin haka wani abin ya zuba. Isabgol na ainihi fari-fari ne mara nauyi, ba ɗaci, kana zuba shi a ruwa ya yi yauƙi ya kumbura. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka shafa wajen ka ji ko an manna wata takarda a kai, sacet ɗin da ya daskare kamar dutse danshi ya shige shi, mayar musu. Kuma a daina sayen ɓallen sacet ɗaya ba a ga kwalinsa ba, ka ce Malam nuna min kwalin.

In an yi kwana 3 ana sha ba canji, ko ga jini a bayan gida, ko amai da ciwon ciki mai tsanani, ko mutum yana ramewa ba dalili, a ajiye garin a tafi Barau Dikko ko asibitin da ya fi kusa. Haka in ƙirji ya riƙe ko numfashi ya yi wuya bayan an sha, wannan a ranar ake tafiya.