Technics SL-1200MK2 na hannu: yadda suka yi mini a ɗaki, da wanda ya kamata ya saya

Duk mai son koyon DJ a gida sai ya tsaya a mararraba ɗaya: ko ya sayi injin faifai biyu da miksa mai haɗa sautinsu, ko ya sayi kwantirola, wato na'urar sarrafa waƙoƙin da ke cikin kwamfuta, ya jona ya huta. Ni na bi hanyoyin biyu. Na jima da ƙaramar kwantirola, daga baya na tara kuɗi na ɗauki injin faifai Technics SL-1200MK2 guda biyu na hannu. Ban yi da-na-sani ba, amma ba kowa zan ce ya bi sahuna ba, kuma zan faɗi dalili.

Abin da ka fara ji idan ka ɗaga shi shi ne nauyi. Kowanne ya haura kilo 12, kuma nauyin ba na ado ba ne. Saman ƙarfe ne, gindin roba mai kauri, ƙafafu huɗu masu shanye girgiza. Idan ka ƙure sifika ganga tana dukan ɗaki, girgizar nan tana bi ta tebur ta shiga allura, ta koma sifika, sai ka ji wani gurnani yana ta ƙaruwa. Inji mara nauyi ba ya jure wannan. Nawa suna kan tebur ɗaya da miksa, sifikun kuma na sauke su gefe, ban taɓa jin gurnanin ba sai ranar da na ɗora sifika kan teburin don gwaji.

Kamfanin Panasonic na Japan, mai alamar Technics, shi ne ya fito da SL-1200 a 1972, MK2 ya biyo baya a 1979. Asali don sauraro a falo aka yi shi. DJ-DJ ɗin New York ne suka gano cewa injinsa yana juya farantin da ake ɗora faifai a kai kai tsaye, babu bel a tsakani, don haka za ka iya riƙe faifai da yatsa, ka ja shi baya, ka sake shi, bai damu ba. An daina ƙera shi a 2010, sunan ya dawo a 2016, sannan MK7 ya fito a 2019. Ke nan duk MK2 da ka gani a kasuwa yau ya sha shekaru, kuma ba ka san hannu nawa ya bi ba.

Maganar bel ɗin nan ita ce kan gaba wajen zaɓe. Wani abokina yana da injin faifai mai bel, irin masu araha ɗin nan, sautinsa ba laifi idan zama za ka yi ka saurara. Amma da ka sa yatsa ka tsayar da faifai, farantin ma sai ya tsaya, da ka saki sai ya taso a hankali, waƙar tana miƙa kamar mai tashi daga barci. Ba za ka taɓa sakin ganga daidai kan ganga da irin wannan ba. MK2 kuwa cikin daƙiƙa 0.7 ya kai cikakken gudunsa, kuma yayin da kake riƙe da faifai, farantin yana ci gaba da juyawa a ƙarƙashin ƙyallen da ake shimfiɗawa a kai. Idan DJ kake so ka yi, kada ka sa kuɗinka a mai bel, komai kyan hotonsa.

Inda injin ya saye ni shi ne sandar gudu da ke hannun dama. Tana ƙara sauri ko ta rage da kashi 8 cikin ɗari, wato waƙa mai bugu 120 a minti za ka iya kai ta kusan 130 ko ka sauke ta kusan 110. Aikin duka a nan yake. Waƙa ɗaya tana fita a sifika, ɗayar tana kunnenka a hedifon, kafaɗa ta tokare shi. Ka nemo bugun farko, ka riƙe faifan kana ɗan kai shi gaba kana dawo da shi, ka ƙirga, ka saki. Da farko gangunan biyu suna tafiya tare, can sai ka ji sun fara rabuwa, tas ɗaya ta zama tara-tas. Yanzu tambayar ita ce wacce ta yi gaba, kuma babu allon da zai gaya maka. Sai ka goga yatsa a gefen faranti ka ɗan rage shi, idan abin ya gyaru ka san sabuwar ce ke gudu, sai ka ja sandar kaɗan, ka sake saurare. Watannin farko na sha wuya a nan, maƙwabta ma sun sha. Amma ranar da kunne ya buɗe, ko a mota kake jin rediyo sai ka lura da DJ ɗin da gangunansa suka kauce. A kwantirola ban samu wannan ba, don idona yana kan allo ina daidaita layuka, ko in danna maɓalli ɗaya kwamfuta ta yi mini aikin.

Sayen na hannu yana da nasa ka'idoji, kuma mai sayarwa ba zai gaya maka su ba. Ka sa a kunna, ka dubi ɗigo-ɗigon da ke gefen faranti a ƙarƙashin jar fitila: idan sandar gudu tana tsakiya, layi ɗaya daga cikinsu ya kamata ya tsaya cak. Idan yana rarrafe, akwai aiki. Ka ja sandar daga sama har ƙasa a hankali ka ga ko gudun yana canzawa sumul ko yana tsalle. Ka kama hannun allura ka ɗan motsa shi daga gindi. Idan yana ƙwal-ƙwal, an taɓa buga shi, kuma gyaransa ba na mai gyaran rediyon bakin titi ba ne. Wayoyin sauti na MK2 a jikinsa suke, ba a cire su, don haka idan sun tsufa sai an buɗe gindi an yi musu dalma. Ɗaya daga cikin nawa haka ya zo, ɓangaren hagu yana ɗaukewa, mai sayarwa kuma ya rantse mini cewa lafiyarsa ƙalau. Sai kuma wuta. Wanda aka yi wa kasuwar Japan na bolt 100 ne, na Amurka 120, tamu kuwa 230. Ka karanta takardar da ke manne a baya kafin ka soka shi a bango, in ba haka ba ƙauri za ka ji. Kada a manta da 'yar siririyar waya ta uku da ake ɗaurewa a bayan miksa. Idan ba ta nan, zuuu ɗin da za ka riƙa ji ba ya ƙarewa.

Abin da ban gani a bidiyoyin Turawa ba shi ne hunturu. Iska ta bushe, faifai yana ɗaukar caji, da ka zaro shi daga riga sai ƙura ta manne masa, kafin waƙa ta kai rabi ka ga wani ƙulli na datti a bakin allura, sauti ya dushe, wani lokacin ma allurar ta zame ta wuce. Daga Disamba zuwa Fabrairu buroshi ba ya barin hannuna, kuma murfi yana rufe duk lokacin da ba na kiɗa. Bazara kuma nata salon daban. Faifai roba ne, zafi yana lanƙwasa shi. Kada a bar shi a mota, kada a jingina shi kusa da taga, kada a jibge shi kwance ɗaya kan ɗaya. A tsaye ake jera shi, a ɗakin da ya fi sanyi. Wanda ya lanƙwashe da wuya ya gyaru, allura za ta riƙa hawa da sauka a kansa. Ta fuskar cin wuta dai babu damuwa, kowane inji bai kai wat 20 ba, inbata tana ɗaukar su hankali kwance.

To, babbar matsalar ba a injin take ba, a waƙoƙin take. Me za ka ɗora a kai? Da akwai lokacin da kamfanoni irin EMI da Decca suke buga faifai a Legas, har da na mawaƙan Hausa, kuma ana samun ragowarsu a hannun dattawa, yawanci sun sha karce. Amma waƙar da ta fito a Kano ko Kaduna bana, wadda amarya da ƙawayenta za su nema, ba ta taɓa ganin faifai ba, daga situdiyo sai waya. A Amurka faifai ya farfaɗo har adadin da aka sayar ya fi na CD a 2022, karon farko tun 1987, amma wannan kasuwarsu ce. Kai a nan, kowane sabon faifai sai an yi odarsa da dala, a biya kuɗin jirgi, a yi addu'a ya iso a miƙe, sannan waƙoƙin da za ka yi amfani da su a ciki ba su wuce biyu ko uku ba. Filashi ɗaya a aljihu ya fi akwati goma.

Abin da ya raba mini gardama shi ne faifan sarrafa kwamfuta. Faifai ne na gaske, amma babu waƙa a kansa sai wani ƙara siriri mai ɗauke da lambobi. Allura tana karanta shi, miksa mai katin sauti ta miƙa wa kwamfuta, ita kuma ta gane inda allurar take, da gudun faranti, da ko gaba kake yi ko baya, sai ta motsa waƙar da ka zaɓa daidai da haka. A cikin manhajojin DJ, Final Scratch ne ya fara shahara da wannan a farkon shekarun 2000, Serato ya shigo a 2004, yanzu Traktor da rekordbox ma suna yi. Da shi nake ɗora waƙar nanaye a kan injin da aka zana tun 1979, in riƙe ta da yatsa, in ja ta baya. Jinkirin da ke tsakanin hannu da sauti ƙanƙani ne, ni dai ba na jin sa. Ina rufe ɓangaren allon da ke nuna gudu don kunne ya ci gaba da aiki. Illarsa ɗaya: kayan haɗi sun ƙaru, kuma idan ƙura ta taru a allura kwamfutar tana ruɗewa, waƙa ta fara rawar ɗari.

Duk da haka, idan aka kira ni kiɗan kamu ko na suna, kwantirola nake ɗauka. Ba zan ɗora kilo 25 da miksa a Keke Napep ba, in je in kafa su a kan teburin roba da yara ke ture wa, a filin da ƙafafun masu rawa ke tada ƙura. Kwantirola tana shiga jaka, wutarta daga kwamfuta take, idan janareta ya yi tari waƙar ba ta ɓata wurinta. Kuma masu biki ba ruwansu da yadda ka haɗa ganga, so suke da sun ce a sa musu waƙa kaza su ji ta. Wanda yake neman abinci da DJ, ko yake son ya gwada ya ga ko abin zai zauna masa, ya fara da kwantirola. Kuɗin injin faifai ɗaya mai kyau zai iya saya masa ita, har da canji, alhali shi injin sai biyu, ga miksa, ga allurai.

Wanda kuma hannunsa ke ƙaiƙayi, yana da ɗaki da haƙuri, bai zama dole sai Technics ba. Akwai sababbi masu juya faranti kai tsaye: Pioneer PLX-1000, Reloop RP-7000 MK2, Audio-Technica AT-LP140XP. Na taɓa biyu daga cikinsu a wurin abokai, ƙarfin injinsu ma ya fi na MK2 ɗina, kuma wayoyinsu ana cire su. Za ma ka iya farawa da guda ɗaya, don manhajojin nan suna barin ka tura waƙa daga faifan zuwa cikin kwamfuta ka ɗora ta gaba. Allura kuwa kaya ce mai cinyewa, musamman ga mai yawan ja da baya. Shure, wanda M44-7 ɗinsa ya yi suna a wurin DJ-DJ masu wasa da faifai gaba da baya, ya daina yin allurai a 2018, don haka yawancin mutane sun koma Ortofon na Denmark. Nawa Concorde ɗin Ortofon ne, ina sa musu nauyin gram 3 ko sama kaɗan don kada su yi tsalle. Ba kaya ba ne da za ka shiga kowane shago ka tarar, saboda haka idan za ka yi oda, ka haɗa da bakin allura na ajiya tun a karon farko.